Ba Zan Saƙa Baƙar Safa Ba

Na karanta duk abin da kuka rubuto min, har da ke baiwar Allah da kika ce girman kai ne zai hana ni aure. Na gode. Mama ta riga ki faɗa, ita kuma kullum take faɗa, da cokali a hannunta.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa shafin nan, sunana Thea Brandt, haifaffiyar garin Tolliver a jihar Ohio. Na yi digiri biyu a kan tarihin tufafi, na dawo gida na kafa keken ɗinkina a ɗakin da ke saman garejin Baba. A bana garinmu zai yi bikin tunawa da kulob ɗinsa na ƙwallon gora, wato besbol, na shekarar 1884, na farko a garin da ya biya 'yan wasansa albashi. Samarin gari za su yi wasa da dokokin da, hannu zalla ba safar hannu, cikin kaya irin na da. Ni aka ba ɗinkin kayan. Idan an gama biki za a ajiye saiti ɗaya a gidan tarihin gunduma, da sunana a jikinsa. Kyaftin ɗin samarin kuwa Wesley Pruitt ne, wanda duk garin ya gama yanke shawarar shi zan aura. Ni ma, in faɗa muku gaskiya, ban ƙi ba.

Na gama rigunan, farin ulu mai kauri, da wuya mai ninki. Na gama wandunan da ke tsayawa a gwiwa. Maɓallan ƙashi sai da na zaga kasuwannin tsofaffin kaya har na jihar maƙwabta kafin na haɗa su. Abin da ya rage shi ne duk inda launi yake: doguwar safa, zanen hula, da ƙyallen nan mai siffar garkuwa da ake maƙalawa a ƙirjin riga, mai harafin T a tsakiya.

Garin ya ce baƙi ne. Ni na ce rawaya.

Hoto ɗaya tak ya rage na kulob ɗin, kuma a cikinsa safar baƙa ce ƙirin. Daga wannan hoton kakan Mista Pruitt ya raɗa wa 'yan wasan makarantarmu suna Hankaki. Mista Pruitt ɗin nan shi ne mahaifin Wesley. Yau in ka shigo Tolliver, hankaka ne a tankin ruwa, hankaka a rigar yara, hankaka ƙato a allon shagon tayoyin Pruitt, inda Babana yake aiki tun ban san kaina ba.

Ranar Talata da yamma kwamitin biki ya zauna a zauren coci. Na sa rigata mai ruwan toka da na kare digirina da ita, na ɗaure gashina tamau, ko jan baki ban shafa ba. Na tafi da hoton da aka faɗaɗa, da bargon Kaka Opal, mahaifiyar Mama, a naɗe a hammata.

“Kyamarar wancan zamanin ba ta ganin launi yadda ido ke gani,” na ce musu. “Ja da rawaya baƙi take fito da su. Shuɗi kuma ta mayar da shi kusan fari.”

Mista Pruitt ya gyara zaman baƙar hularsa, ya juya tsinken sakace daga wannan gefen baki zuwa wancan.

“'Yata, mai gashin bakin nan na tsakiya kakan kakana ne. Ido biyu Allah ya ba ni, kuma duk suna aiki. Baƙi nake gani.”

“To dubi tutar da ke bayansu, yallaɓai. Kowa a nan ya san launin tutar ƙasarsa. Ina jan layin? Ya koma baƙi. Ina shuɗin kusurwa? Ya yi fari fat, taurarin ma da ƙyar ake ganinsu.”

Na ga wasu tsofaffi sun matso da tabarau. Zuciyata ta ce, yauwa, Thea, kin kama su.

“Rana ce ta koɗar da tutar,” in ji Mista Pruitt.

“Rana ba ta mayar da ja baƙi.”

“Ranar wancan zamanin ta fi ta yanzu zafi.”

Aka fashe da dariya. Na warware bargon a kan tebur. Bargon faci-faci ne, kakar Kaka Opal ce ta haɗa shi, ita ce mai wanke wa kulob ɗin kaya. Matan wancan zamanin ba sa zubar da ulu, in riga ta mutu yanka ta suke su sa a bargo. Na nuna musu wani faci ɗaya, rawaya kamar ƙwaiduwa, da ramukan maɓalli jere a lanƙwasasshen gefensa, da sawun allura inda aka taɓa ɗinka harafin T.

Mista Pruitt ko taɓawa bai yi ba.

“Tsumma kika kawo mana? Mun tura ki jami'a ki dawo mana da tsumma?”

Ba su ne suka tura ni ba, amma bari wannan.

Daga baya wani ya ɗaga murya: “To in rawaya ne, ai ba Hankaki ba ne mu, 'yan tsaki ne!” Wani ya kama: “Tsiyu, tsiyu!” Manyan maza fa, masu furfura, har da mai buga tebur.

Na waiga wajen Wesley. Yana zaune a layin gaba cikin rigar da ni na ɗinka masa bara, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa kamar yau ya fara ganinsa.

Na naɗe bargona a hankali, kusurwa da kusurwa, na fita. Sai da na shiga mota na kulle ƙofa sannan na yi kukana.

Kafin in iso gida saƙon Wesley ya shigo.

“Farfesa, kin huce?”

Na bar shi.

“Launi ne fa kawai.”

Na bar shi.

“Kin san halin Baba. Don Allah kada ki mayar da abin babba.”

Na rubuta masa, “Ba ni na mayar da shi babba ba. Kai ka mayar da kanka ƙarami.” Na daɗe ina kallon rubutun, sannan na goge, na tura masa, “Sai da safe.”

Washegari na tarar da ɗan tsakon roba a cikin akwatin wasiƙunmu. A kantin kayan miya yarinyar da ke karɓar kuɗi, wadda muka yi aji ɗaya da ita, ta ce, “Sannu, uwar 'yan tsaki,” wai wasa take. Na yi mata murmushi har haƙorana suka yi tsami.

A gida ma ban tsira ba. Mama ta yi gasasshen nama da dakakken dankali, abincin da take yi in tana son ta lallashe ni ta yanka ni a lokaci ɗaya. Ta shimfiɗa zanen tebur na tarbar baƙi, mai furanni shuɗɗa. Baba yana gefe yana yanka namansa ƙanana-ƙanana. Kaka Opal na kan kujerarta da mayafin ulu a kafaɗa, duk da zafin da ake yi.

“Theodora,” in ji Mama. In ta kira cikakken sunana, to ku san akwai magana. “Na haɗu da mahaifiyar Wesley a wajen koyon waƙar coci.”

“Allah ya sa muryarta ta gyaru.”

“Ki kiyayi bakinki. Ta ce min yaron ya sayi zobe. A tsakiyar filin wasa zai durƙusa ya nemi aurenki, ranar biki, bayan an tashi wasa. Ban kamata in faɗa miki ba, amma na ga kina shirin rushe gidanki da hannunki tun ba a gina shi ba.”

Ba zan ɓoye muku ba. Na daɗe ina jiran wannan labarin. Ban taɓa zaton da sharaɗi zai zo min ba.

“Sai me, Mama?”

“Sai ki saƙa musu baƙar safarsu! Wa zai sani?”

“Ni zan sani. Sunana ne za a manna a jiki. Duk wanda ya san aikin nan, in ya shiga gidan tarihin ya ga baƙi, zai ce wannan ba ta san komai ba, ko kuma ta sani ta sayar.”

“Suna! Sunan da kike shirin canzawa?”

“Wa ya ce zan canza?”

Mama ta ajiye cokali ta dubi sama. “Ka ji ko? Ka ji abin da karatu ya jawo mana? Yi magana mana, ai ubanta ne kai.”

Baba ya goge baki. “Naman ya yi daɗi,” ya ce.

Ban ga laifinsa ba. Gobe da safe shi zai tsaya a ƙarƙashin allon hankakan nan yana cire wa mutane taya.

“Ku bar min yarinya,” in ji Kaka Opal. “Kakata da hannunta ta wanke safar nan. Ta ce in ta shanya su a igiya, sai ka ce masara ce ta nuna. Mazan gidan Pruitt kuwa tun na farkonsu haka suke, in sun ce ruwa na gangarowa sama, sai dai kogi ya yi haƙuri.”

“Mama, ba kya taimaka min,” in ji Mama.

“Da ma ba ke nake taimaka wa ba.”

Ranar Alhamis da hantsi aka ajiye kwando a ƙofar ɗakina. Kek ɗin tuffa mai ɗumi a sama, a ƙarƙashinsa ƙulle-ƙullen baƙin zaren ulu. Ban gama kallonsu ba sai ga saƙon Mista Pruitt, karo na farko da ya taɓa rubuto min da kansa.

“'Yata, gobe Juma'a nake son ganin safa ta farko, baƙa. In ba haka ba zan yi odar kayan gaba ɗaya daga kamfani. Ki gaida babanki.”

Ki gaida babanki. Na karanta wannan wajen ya fi a ƙirga.

Kayan kamfani kuwa na san su. Yadin roba mai sheƙi, da zif a baya, irin wanda yara ke sawa a wasan makaranta. Rigunana da na kwashe hunturu guda ina ɗinkawa sai dai su zauna a rataye, asu ya ci.

To, ga abin da ban so in rubuta ba. Na gwada. Ina da ɗan injin saƙa safa na ƙarfe, irin na da, da ake juyawa da hannu. Na zura baƙin zaren, na fara juyawa. Injin yana ƙas-ƙas-ƙas, safar tana saukowa ta ƙasa, kyakkyawa, santsi, ba kuskure ko ɗaya. Ina juyawa ina ce wa kaina, launi ne kawai, Thea. Ga zobe, ga Baba, ga zaman lafiya. Na tuna Wesley ranar da ya ɗauko min wannan injin daga wani gari mai nisa a bayan motarsa, ya lulluɓe shi da rigarsa saboda ruwan sama, shi ya iso a jiƙe sharkaf.

Na kai har ƙwauri. Sai na ɗaga kai na ga bargon Kaka a kan kujera, facin nan yana kallona.

Na kama bakin zaren na ja. Safa ba ta da wuyar warwarewa, sai ta bi hannunka kamar da ma jira take. Na naɗe zaren na mayar cikin kwando. Kek ɗin dai na ci, yanka biyu, don ba shi ya yi min laifi ba.

Ranar Juma'a da safe ina guga sai na ji takun Wesley a matakala. Na san takunsa, yana tsallake ta uku saboda tana ƙara. Ya shigo ba sallama, gemunsa ba aski, baƙar hular Hankaki a kansa, da rigar matashin kai a dunƙule a hannu.

“Farfesa.”

“Sunana Thea. In baƙar safa ka zo karɓa, ga zarenku can.”

“Zauna mana.”

“Ina aiki.”

Ya ajiye ƙunshin a kan teburin yanka. Warin kafur ya cika ɗakin. Ya warware a hankali, ya ja baya.

Safa ce. Doguwa, ƙafa ɗaya, saƙar hannu. Asu ya huda ta a wurare, an ɗinke mata diddige da zare mai ruwan ƙasa. Kuma rawaya ce. Ta dushe a waje, amma a cikin ninkin bakinta, inda haske bai taɓa shiga ba, rawaya ce shar kamar jiya aka rina ta.

Na kashe dutsen guga. Na je na wanke hannuna da sabulu, na goge tas, sannan na dawo na taɓa ta da yatsa biyu. Idona ya ciko. Ba don Wesley ba, ba don kowa ba. Ban san yadda zan gaya muku ba, sai wanda ya daɗe ana ce masa mahaukaci ne zai gane.

“Ina ka samo ta?”

“A ɗakin samanmu. Cikin akwatin kakan kakan Baba. Rigar ma tana nan, da garkuwar.”

“Jiya ka gano?”

Ya cire hular, ya murɗa ta a hannu.

“Wesley. Jiya ka gano?”

“Tun ina yaro. Ina wasan ɓuya na buɗe akwatin. Baba ya kama ni, ya rufe, ya ce in ya ƙara jin zancen a bakina sai na raina kaina.”

Na janye hannuna daga safar.

“Wato babanka ya sani.”

“Ya sani. Babansa ma ya sani. Ki gane mana, kakansa ne ya ba garin sunan nan. Ga allon shago, ga makaranta. Yaya zai tashi yanzu ya ce wa mutane...”

“Kai ma ka sani. Ranar Talata kana zaune, ka sani. Ana min tsiyu-tsiyu, kana kallon takalmi, ka sani.”

“Babana ne, Thea.”

“Ni kuma wace ce? Mai ɗinki?”

“Haba, don Allah. Shi ya sa na kawo miki ai. Sa hannu a ciki.”

“In yi me?”

“Ki sa hannu a cikin safar.”

Sai a lokacin na lura da ɗan tudu a wajen yatsun. Na gane ko mene ne, kuma wallahi abin da ya fara fita daga bakina ba na soyayya ba ne.

“Ka jefa ƙarfe mai ƙaya a cikin ulun da ya shekara ɗari da arba'in? Kana da hankali kuwa?”

Na ɗaga diddigen da tafin hannuna, na karkata safar a hankali, a hankali, har zoben ya gangaro ya faɗo kan tebur. Kyakkyawa ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Siriri, da ɗan dutse shuɗi, irin wanda na taɓa nuna masa a tagar wani shago na ɗauka bai ji ba.

“Na so in yi a fili,” ya ce, “amma na ga gara yanzu. Kin ga dai ke ce da gaskiya. Na sani, kin sani. Ba shi ke nan ba? Ki saƙa musu baƙin, a yi biki a tashi lafiya, in mayar da wannan inda take kafin ya lura. Tsakaninmu ya isa.”

Masu karatu, ke ma baiwar Allah mai maganar girman kai, ku faɗa min. Ya kawo min gaskiyata a rigar matashin kai, in leƙa, in yi murna, a mayar da ita akwati. Wai wannan ce kyautar. Haka zan zauna a gidan nan shekara da shekaru, ina wuce ƙofar ɗakin sama ina yin kamar ban san abin da ke ciki ba, kamar mahaifiyarsa, kamar shi.

Na ɗauki zoben, na kamo hannunsa, na sa masa a tafi, na rufe yatsunsa a kai.

“Ban ce a'a ba,” na ce. “Amma ba zan karɓi zobe daga mutumin da ke jin tsoron safa ba. Ranar da ka tsaya a gaban garin nan da rawaya a ƙafarka, ka tambaye ni.”

“Kin san abin da kike nema kuwa?”

“Na sani. Ni ma an nemi abu a wajena duk makon nan, ba wanda ya tambaye ni ko da nauyi.”

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya duba, fuskarsa ta canza. Ya juyo min da ita. Saƙon babansa ne.

“Na hau sama. Akwatin a buɗe yake. Kada ka motsa daga inda kake.”

Ba mu gama kallon juna ba muka ji babbar mota ta taka tsakuwar ƙofar gida. Na leƙa ta taga. Baƙar motar shago ce, da hankaka a jikin ƙofa. Mista Pruitt ya fito ya buga murfin. Ta ɗaya gefen kuma Babana ne ya sauko, cikin kayan aiki, hannunsa duk baƙin mai. Tare ya taho da shi.

“Theodora!” Muryar Mama ce daga ƙasa, da zaƙin nan na tarbar baƙi. “Kin yi babban baƙo!”

“Ba ni safar,” in ji Wesley da sauri. “Zan sa ta a riga, in ce ban...”

Ban hana shi ba. Na matsa gefe, na bar masa hanya. Safar tasu ce, ba tawa ba. Na buɗe aljihun tebur, na ɗauko ƙullin zaren da na rina da kaina tun watan jiya, na zauna a gaban injina, na fara zura rawaya a allurai ɗaya bayan ɗaya. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Matakala ta farko. Ta biyu. Ta uku ta yi ƙararta, don Mista Pruitt bai san ana tsallake ta ba.

Wesley yana tsaye, hannu ɗaya a kan safar, ɗaya a dunƙule da zoben. Ya dubi ƙofa, ya dube ni. Sai ya janye hannunsa, ya bar safar a shimfiɗe a tsakiyar tebur inda duk mai shigowa zai fara gani. Ya jawo kujerar awo ya zauna, ya kwance igiyar takalminsa, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, ya miƙo min ƙafa.

“Auna,” ya ce.

Ban yafe masa ba tukuna, kada ku yi saurin yi min guɗa. Amma na ciro igiyar awo daga wuyana na durƙusa. Ina zagaya ta a ƙwaurinsa, sai hannun ƙofa ya juya.